Kukan Kurciya: Daga Kigali Zuwa Fashir

A ƙarshen watan Oktoban 2025, lokacin da Gadarif, a gabashin Sudan, ke tsakiyar yankan riɗi, kowa yana dawowa daga gona da ƙura har cikin kunne, labarin faɗuwar Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, a hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati, ya iso mu. Muna zaune a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida bayan sallar magariba, ni da Baffa, ƙanen mahaifina, da ɗan ƙanwata wanda yaƙi ya koro daga jami'a a Khartum, da kuma maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Masalit wanda kakansa ya zo wannan yanki neman ƙasar noma, kamar yadda namu kakannin suka yada zango a nan a kan hanyarsu ta zuwa Makka, zangon da ya zama gida. Dattijon ya daɗe yana duban wayarsa, sannan ya kifa ta a kan tabarma, ya ture finjalin jabana, wato gahawa, gefe ba tare da ya kurɓa ba. Abin da ya faɗa da Larabci bai wuce kalmomi kaɗan ba, ma'anarsu kuwa ita ce: ai an gaya musu.

Ɗan ƙanwata, da zafin jini irin na samari, ya juyo ya ce mini, "Kawu, wallahi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta so, da ta hana." Baffa ya girgiza kai ya ce, "Yaro, mutanen da ba su san sunan garinku ba, su ne za su zo su mutu dominka?" Tun daga wannan dare nake jujjuya maganganun biyu, domin kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma ban gamsu da ko ɗaya ba. Sai na koma kan Ruwanda, tunda ita ce ma'aunin da ake auna kowace irin wannan muhawara da shi, kuma ita ce aka fi tone takardunta.

A watan Afrilun 1993 wani lauya ɗan Senegal mai suna Bacre Waly Ndiaye, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora wa alhakin binciken kisan gilla, ya ziyarci Ruwanda, kuma a rahoton da ya fitar a watan Agusta ya nuna cewa ana kashe 'yan ƙabilar Tutsi ne saboda ƙabilarsu kawai, har ya kawo batun yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948. Rahoton ya shiga durowa. A ranar 11 ga Janairun 1994 kuma, Janar Romeo Dallaire ɗan Kanada, kwamandan dakarun wanzar da zaman lafiya kimanin 2,500 da aka tura ƙasar, ya aika da saƙon gaggawa zuwa hedikwata a New York. Wani daga cikin masu horar da 'yan dabar Interahamwe ne ya tsegunta masa cewa an umarce su da su rubuta sunayen duk Tutsin da ke Kigali, cewa yaransa za su iya kashe mutum 1,000 a cikin minti 20, cewa akwai shirin kashe sojojin Beljiyam domin ƙasarsu ta janye, kuma a shirye yake ya nuna inda aka ɓoye makamai. Dallaire ya ce zai kai samame. Amsar da ta fito daga sashen da Kofi Annan ke shugabanta a lokacin ita ce kada ya kuskura, domin hakan ya wuce hurumin aikinsa, sai dai ya sanar da jakadun Beljiyam da Faransa da Amurka, ya kuma sanar da Shugaba Habyarimana, wato wanda waɗannan 'yan daba suke yi wa jam'iyyarsa aiki. An kai wa kura ƙarar ɓatan akuya ke nan.

Wata uku bayan haka komai ya faru kamar yadda mai tsegumin ya tsara shi. A ranar 6 ga Afrilu aka harbo jirgin shugaban ƙasa, washegari aka kashe Firaminista Agathe Uwilingiyimana da sojojin Beljiyam 10 da aka tura su tsare ta, Beljiyam ta ce za ta kwashe mutanenta, kuma a cikin kwana 100 aka hallaka mutum kimanin 800,000.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk wannan labari shi ne wata makarantar koyon sana'a da ke unguwar Kicukiro a Kigali. Mutum kimanin 2,000 ne suka fake a harabarta saboda akwai sojojin Beljiyam da ba su kai 100 ba a ciki. 'Yan daba sun kewaye makarantar da adduna da kulake, suna shan giya suna zage-zage, amma kwana huɗu ba su iya shiga ba. A ranar 11 ga Afrilu aka umarci sojojin da su tashi su je su taimaka wajen kwashe Turawa. Suna fita, aka kora mutanen nan zuwa wani tudu da ake kira Nyanza, aka kashe mafi yawansu kafin gari ya waye. A wannan makon ne ɗaruruwan sojojin Faransa da Beljiyam da Italiya suka sauka a filin jirgin saman Kigali cikin 'yan kwanaki, suka ɗebi 'yan ƙasashensu, suka tashi. Duk wanda ya ce mini ba a iya kai soja da sauri zuwa tsakiyar Afirka, wannan mako nake tuna masa. Sannan a ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar yanka, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 912, ya rage dakarun zuwa 270. Wakilin Najeriya a kwamitin a lokacin, Farfesa Ibrahim Gambari, yana cikin 'yan tsirarun da suka nemi a ƙara ƙarfin rundunar maimakon a rage ta, amma muryarsu ba ta yi nauyin ta Amurka ba, wadda watanni shida kafin nan aka kashe mata soja 18 a Mogadishu, ta kuma yi rantsuwar ba za ta sake tsoma ƙafa a irin wannan ruwa ba. Wani abin takaici ma, gwamnatin da ke aikata kisan tana da kujera a kwamitin a wannan shekara, jakadanta yana zaune ana tattauna lamarin da shi.

Adalci ya wajabta in kawo hujjar masu ra'ayin Baffa, domin akwai masana a cikinsu. Wani masanin siyasa Ba'amurke, Alan Kuperman, ya yi lissafin jirage da nisan tafiya da saurin kisan, ya ce ko da Amurka ta yanke shawarar tura babbar runduna a ranar da ta tabbatar da abin da ke faruwa, ba za a ceci fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka kashe ba, saboda an gama da mafi yawansu a makonnin farko. Ban isa in ƙaryata lissafinsa ba. Abin da na lura da shi shi ne agogonsa ya fara bugawa ne daga Afrilu, alhali gargaɗin ya zo tun Janairu, har ma tun Agustan shekarar da ta gabata. Kuma kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ya fi yawan mutanen garuruwa da dama da na sani. Bayan haka, akwai abubuwan da ba sa bukatar babbar runduna ko kaɗan. Gidan rediyon RTLM, wanda ke kiran Tutsi kyankyasai yana karanto sunayensu da inda suka ɓuya, an nemi Amurka ta toshe shi da na'urorinta, ma'aikatar tsaronta ta kawo uzurin doka da na kuɗi, wai aikin zai ci dala 8,500 a kowace awa. 'Yan ɗaruruwan sojojin da suka rage kuwa, akasarinsu 'yan Ghana a ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho, sun tsare dubban rayuka a filin wasa na Amahoro da wasu wurare da ɗan abin da ke hannunsu, wani kyaftin ɗan Senegal mai suna Mbaye Diagne kuma ya yi ta ɗauko mutane a motarsa yana wuce shingaye da baki da raha, ba da bindiga ba, har igwa ta same shi a ranar 31 ga Mayu.

Don haka amsata game da Ruwanda ita ce, hana ta ɗungurungum ba abin da wani zai iya rantsewa a kai ba ne, amma rage ta da gagarumin kaso abu ne da ke hannu, kuma hanyoyin rage ta masu araha aka ƙi bi. Binciken da ita kanta Majalisar ta sa aka yi a 1999 ya amsa gazawarta, kwamitin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na shekarar 2000 kuwa a kan bangon rahotonsa ma ya rubuta cewa kisan ƙare dangi ne da za a iya hanawa.

Sai kuma tamu. A watan Maris na 2004 babban jami'in Majalisar a Sudan, Mukesh Kapila, ya fito a kafafen labarai ya kwatanta abin da mayaƙan sa-kai na Janjawid ke yi wa ƙabilun Fur da Masalit da Zagawa a Darfur da abin da ya faru a Ruwanda. A ranar 7 ga Afrilu, ranar cika shekara 10 da fara kisan Ruwanda, Kofi Annan da bakinsa ya ambaci Darfur a Geneva. A ƙarshen Yuli Kwamitin Sulhu ya bai wa gwamnatin Umar al-Bashir kwana 30 ta kwance ɗamarar Janjawid, kwanakin suka cika suka wuce. A ranar 9 ga Satumba sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, ya ce kisan ƙare dangi ne, amma a cikin jawabin nan nasa ya ƙara da cewa wannan hukunci bai wajabta wa Amurka wani sabon mataki ba. A 1994 an yi ta gudun furta kalmar don kada ta zama wajibi, a 2004 aka furta ta aka gano ashe ba ta ɗaure kowa. An miƙa batun ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya a 2005, an ba da sammacin kama Bashir a 2009 da 2010, ya ci gaba da yawonsa a ƙasashe, ciki har da Najeriya a 2013. Janjawid ɗin da aka ce a kwance wa ɗamara kuwa, a wannan shekarar ta 2013 aka ɗinka musu kaki aka raɗa musu suna RSF, mu nan muna ce musu Da'am.

Rundunar UNAMID ta haɗin gwiwar Majalisar da Tarayyar Afirka, wadda aka kafa a 2007 da izinin soja da 'yan sanda kusan 26,000, ta sha zagi, kuma da yawa daga zagin ta cancanta. Kwamandanta na farko, Janar Martin Luther Agwai na Najeriya, ya yi ta roƙon jirage masu saukar ungulu 24 don yankin da ya kai girman Faransa, ƙasashen da ke da su suka yi kunnen ƙashi. Shi Gambarin da ya yi magana a 1994 shi ne ya zo ya shugabanci rundunar daga 2010 zuwa 2012, ya ɗanɗana yadda ake neman izinin gwamnati kafin a je binciken laifin gwamnati. Duk da haka, da aka zo rufe ta a ƙarshen Disambar 2020, 'yan gudun hijira na sansanin Kalma sun fito zanga-zanga suna roƙon kada a tafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maƙwabcinmu ya taɓa ce mini sojojin nan ba sa harbi, amma idonsu kaɗai yana sa ɓarawo ya jira dare, kuma wannan jiran shi ne ratar da mace ke samu ta ɗauki goyonta ta gudu.

A Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma kuma garin danginsa, rundunar ta miƙa sansaninta tun watan Mayun 2019. A ƙarshen wannan shekara aka kai hari sansanin 'yan gudun hijira na Krinding, aka sake kai masa a Janairun 2021, aka afka wa garin Kirenik a Afrilun 2022, kowane hari ya fi na baya muni, kowanne kuma an rubuta rahotonsa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da RSF a ranar 15 ga Afrilun 2023, babu wanda ya san Darfur da bai san inda wuƙar za ta fara sauka ba. A ranar 11 ga Mayu aka sa hannu a Jidda kan alkawarin kare fararen hula. A ranar 14 ga Yuni gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, ya yi magana ta talabijin ya ce kisan ƙare dangi ake yi, ya roƙi duniya ta kawo ɗauki, bayan 'yan sa'o'i aka kama shi aka kashe. Masu binciken Majalisar sun ƙiyasta mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a wannan gari kaɗai. Na tuna kwanakin nan sarai, domin kullum da yamma dattijon yakan zo gidanmu ya roƙi a sa masa caji, ya zauna a bakin gado yana jiran saƙon murya daga Adre, garin kan iyakar Chadi da ke kimanin kilomita 30 daga Junaina. Yana da wani ɗan littafin lissafin gona mai bangon shuɗi, a bayansa ya rubuta sunayen danginsa, wanda aka ji muryarsa sai ya yi masa alama da biro. Ban taɓa tambayarsa yawan waɗanda ba su samu alama ba, amma na ga shafin.

Fashir kuwa ban san wani bala'i da aka yi shelarsa tun kafin ya auku kamarta ba. RSF ta yi mata ƙawanya tun Mayun 2024. A ranar 13 ga Yuni Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2736 yana neman a janye ƙawanyar. A Agusta aka tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da birnin, a Satumba masu binciken Majalisar suka ba da shawarar tura runduna mai zaman kanta don kare fararen hula, a Nuwamba Rasha ta hau kujerar na-ƙi a kan wani ƙudurin da Birtaniya da Saliyo suka gabatar, a Janairun 2025 Amurka ta sake furta kalmar nan ta kisan ƙare dangi a kan RSF, a Afrilu aka tarwatsa Zamzam. Masu bincike na Jami'ar Yale suna ta wallafa hotunan tauraron ɗan Adam da ke nuna ganuwar ƙasa da ake ginawa kewaye da birnin, taku bayan taku. Dallaire da saƙo ɗaya ya dogara, daga bakin mutum ɗaya, ana iya cewa an yi shakkar sahihancinsa. A nan kuwa kowa ya gani da idonsa a wayarsa, wata 16 tsakanin ƙudurin da ranar 26 ga Oktoba, kuma bayan faɗuwar birnin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe fiye da mutum 460 a asibitin haihuwa guda.

A nan ne nake rabuwa da ɗan ƙanwata. Yana maganar Majalisar kamar wani sarki mai dakaru a ƙofar fada, alhali ba ta da soja ko ɗaya nata, ba ta da jirgi, aron komai take yi daga ƙasashen da kowace ke da nata lissafin zinariya da tashar jiragen ruwa da cinikin makamai. Kuma ba zan ɓoye ba, gwamnatinmu ce da kanta ta nemi a rufe ofishin siyasa na Majalisar a ƙarshen 2023, ita ce kuma ta yi fatali da shawarar tura rundunar kariya, da sunan 'yancin kai. Amma ina rabuwa da Baffa ma, domin yana magana kamar zaɓi biyu ne kacal, ko Turawa su zo su mutu ko kuwa babu abin yi. Akwai takunkumin makamai a kan Darfur tun 2004, wanda da an tsare shi da gaske da jirage marasa matuƙa da manyan bindigogi ba su kai bakin Fashir ba. Masu binciken Majalisar sun ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na tura makamai ta gabashin Chadi abin gaskatawa ne, ita kuwa ta musanta, kuma ƙarar da Sudan ta kai ta Kotun Duniya an kore ta a Mayun 2025 saboda rashin hurumi, ba a ko shiga cikin zancen ba. Toshe wannan hanya, da rufe asusun masu sayar da zinariyar yaƙi, da yi wa abokin ciniki magana mai ɗaci a keɓe, babu wanda ke bukatar uwar wani soja ta yi takaba a cikinsu. Kwangila kawai za a rasa, kuma da aka ɗora kwangilar a sikeli ɗaya da mutanen Fashir, an ga wanda ya rinjaya.

Mu Hausawan Sudan ba ta littafi muka san wannan darasi ba. Abin da ya same mu a jihar Blue Nile a 2022 ba zan kira shi kisan ƙare dangi ba, don kalmar tana da nauyin da bai kamata a yi wasa da shi ba, amma na ga yadda irinsa ke tsirowa. Makonni kafin rikicin watan Yuli, wanda ya taso daga takaddamar neman masarauta da mallakar ƙasa, shafukan Facebook sun cika da zancen cewa mu baƙi ne, mu koma inda muka fito, mu da aka binne kakannin kakanninmu a Mai Wurno da gaɓar kogin nan tun bayan yaƙin Burmi na 1903. Wata 'yar'uwarmu da ke aure a Rusairis ta ce matar da suka shekara suna aron turmi da tabarya a tsakaninsu ta daina amsa mata sallama, sai ta gane lokacin ɗaure kaya ya yi. An kashe fiye da mutum 100 a Yuli, an yi zaman sulhu an ɗauki hoto, sannan a Oktoba aka kashe kimanin 200 a Wad al-Mahi cikin kwana biyu. Tsakanin Yuli da Oktoba babu wanda ya rasa labari, daga mai unguwa har zuwa ofisoshin ƙungiyoyin duniya da ke Khartum. Kukan kurciya jawabi ne, in ji magabata, mai hankali ke ganewa. Ni dai abin da na gani shi ne masu hankalin sun gane sarai, sun ma fassara jawabin zuwa harsuna shida sun buga shi da lambar ƙuduri, sai dai ba gidansu kurciyar ke kuka a kai ba.

A farkon Disambar 2025 shugaban ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar, Volker Turk, ya yi gargaɗin kada a bari Kurdufan ta zama wata Fashir. Na karanta wa Baffa labarin a rumfar nan tamu, domin yana da 'ya da jikoki huɗu a Ubayyid, babban birnin Kurdufan ta Arewa. Bai ce komai game da Majalisar ba. Ya tambaye ni nawa buhun riɗi yake a kasuwa a wannan mako, ya yi lissafi da yatsunsa, ya ce wa ɗan ƙanwata gobe da sassafe ya nemo mota a fitar da buhu shida daga cikin waɗanda ya ajiye don jiran tashin farashi, a tura mata kuɗin ta manhajar banki ta Bankak, ta taho da yaran ta hanyar Kosti tun hanyar tana buɗe.